Abincin Mai Babur

Ban yi niyyar saurare ba. Ina tsaye ne a bakin titin Zongo, na ji wata tsohuwa ta yi wa wata mata mai gicciye a wuya magana. Matar tana rungume da kular abinci.

"Baiwar Allah, tun ɗazu kike tsaye. Ga masu babur, ba ki hawa?"

"Na daina, Hajiya. Babur ne ya kashe min 'yata."

"Innalillahi. Allah ya ba ki haƙuri. To abincin na waye?"

"Na wanda ya buge ta. Yana asibiti da karaya, ba shi da kowa a Lome."

"Ke za ki ciyar da shi?"

"A coci an koya mana cewa Yesu ya yafe mana kyauta, ba don halinmu ba. Mai bin sa ma haka zai yi."

"To kin yafe ɗin?"

Matar ta kalli kular.

"Kullum ina dafawa, in zo nan in tsaya. Idan ya huce sai in koma gida."

"Bai taɓa ci ba ke nan."

"Ko loma."

Tsohuwar ta ɗora tafin hannu a kan murfin.

"Da sauran ɗumi. Taho mu taka da ƙafa. Ni zan shigar masa, ke ki tsaya a bakin ƙofa."