Maganar da ta tsaya a tasha

Assalamu alaikum. Shugaban taro, Malam Ahmudu mai kula da wannan cibiya, malamai, dattawan Arlit, iyaye mata, da ku ɗalibai, ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da kuka sa wa ɗakin nan na koyon ordinater, wato kwamfuta, sunan 'yata, marigayiya Mina. Na kuma gode da kuka tsayar da ni, Nomau, gaban masana, mutumin da makarantar lakkwal ta sallama a aji huɗu, malaminmu da muke kira mushe yana murna, ni ma ina murna.

Abu biyu zan faɗa.

Na farko nata ne. Mina ta haɗa porogaram na rubuta labarin tsofaffin ma'aikatan ramin haƙar ma'adinai, tun suna da numfashin ba da shi. Ran nan ta zauna da Baba Akoli, yana faɗa yana tari, tana bugawa a tsohon ordinater ɗinta mai mataccen batir. A ƙarshe ya jero mata sunayen abokan aikinsa goma sha bakwai da suka riga shi gidan gaskiya. Sai kuran, wato lantarki, ya ɗauke. Da ya dawo, sunayen babu.

Na ce, "Aljanu ne?"

Ta ce, "Baba, tasha ce. Abin da na buga ba ya shiga fishiye, ma'ajiyar rubutun, kai tsaye. Yana zaman jira kamar fasinjan Agadas, sai mota ta cika ta tashi."

Na ce, "Wane ne direban, in je in same shi?"

Ta ce, "Ni ce. Zaɓi uku gare ni: a jira ta cika, ko a tashi ƙarshen kowane layi, ko kowane harafi ya tafi shi kaɗai. Na bar shi a na farko don ya fi sauri."

A ranar ta mai da shi layi-layi. Amma kafin ta koma wurinsa ya sake jero sunayen, an kai Akoli makwancinsa.

Na biyu nawa ne. Jama'a, ban taɓa yaba wa yarinyar nan ba. In ta nuna mini aikinta, sai in ce, "Akwatin nan naki ya iya tuƙa tuwo?" Yabon kuwa yana nan, ina tarawa, ina tarawa, na ce sai ranar da ta karɓi takardar kammalawa in juye mata shi gaban jama'a. Saura wata biyu zazzaɓi ya kwantar da ita. Kwana uku.

To, ga jama'ar, ga Nomau, mota ta cika. Mina, kin yi ƙoƙari. Mina, kin fi ubanki. Tun ranar da kika karanta mini takardar likita kina shekara bakwai nake son in gaya miki.

Ɗalibai, abin da ba za a iya sake faɗa ba, ku sa shi ya tafi layi-layi. Iyaye, ku ma kun ji.

Allah ya albarkaci ɗakin nan da masu shigarsa, ya mai da kowa gida lafiya. Allah ya jiƙan Mina, ya jiƙan Akoli, ya jiƙan mutum goma sha bakwai ɗin nan da Shi bai mance sunan ko ɗaya ba.

Na gode.