Ƙwallo Tsakanin Gwiwoyi

'Yan'uwa, gaisuwa gare ku cikin sunan Yesu Mai Ceto. Sunana Ayuba. A Malbaza an san ni da lodin siminti a izin, wato masana'anta, an kuma san ni da buga ƙwallo a ƙungiyar ma'aikata.

Wata la'asar muna wasa da 'yan Badagishiri, na miƙa ƙafa zan tare ƙwallo, sai na ji abu ya tsinke a matsematsina, can inda cinya ta haɗu da mara. Kashegari buhu ɗaya ya gagare ni ɗagawa.

Wurin ciwon ya fi ciwon wahalar da ni. Surukata ta zo dubiya, ta tambayi inda ke ciwo, kunya ta sa na ce gwiwa, ita kuwa ta yi ta aiko maganin gwiwa. Abokan wasa suka baza cewa ciwon yawon banza na kwaso a Konni. Har matata Rifkatu ta ji maganar a bakin rijiya.

Wanzami ya kafa ƙaho, mai ɗori ya murza har na yi kuka, duk a banza. Shef, shugabanmu a wurin aiki, ya aiko cewa zai riƙe mini wurina zuwa kaka, in ta wuce zai ba wani. Ga yara, ga shi ba mu da gona. Ko juyi a tabarma sai Rifkatu ta kama ni. Na ji tsoro ƙwarai, addu'a ma ta ƙi fitowa.

Ana nan sai Malam Iliya, dattijon ikilisiyarmu da ya koyar da wasanni a lakwal, wato makarantar boko, ya shigo da ƙwallo a hammata. Raina ya ɓaci, na ɗauka ba'a ce.

Ya ce, "Ba bugu za ka yi ba, ɗana. Kwanta rigingine, sa ta tsakanin gwiwoyi, ka matsa kaɗan."

Na gwada. Ƙafar ta ɗauki rawa, ƙwallo ta suɓuce ta gangara bakin ƙofa. A nan bakina ya buɗe, na ce, "Ya Yesu, ko ƙwallo ban iya riƙewa. In ba ka riƙe ni ba, na tafi."

Malam Iliya ya ce amin, ya ɗauko ƙwallo ya mayar mini tsakanin gwiwoyi.

Kullum yana zuwa. Daga matsa ƙwallo muka koma kwanciya ta gefe ina ɗaga ƙafa, sannan ya ɗaure robar taya a turke ina ja da idon sawu. Wata rana in ji dama, wata rana in koma baya. Shi dai cewa yake naman wurin ne ya raunana, kuma ba ya son gaggawa.

Ana ɗaurin gero na je izin. Shef bai ko amsa gaisuwata ba, ya nuna mini buhu. Na durƙusa ina kiran sunan Yesu a zuci, na ɗaga, na kai shi cikin kamyo, motar da ake lodi. Ya ce in ɗauko na biyu. Halleluya!

Filin ƙwallo kam ban sake shiga ba, har yau ciwon kan taɓa ni. Amma 'ya'yana sun ci tuwo, godiya ga Ubangiji. Wanda ke kwance yau da abin da bai iya faɗa wa kowa ba, ya faɗa wa Yesu, zai ji. Amin.