Tafintan da Ya Kai Sirrina Gidan Suna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Don Allah kada ka faɗi sunana.

Shekara shida ina yin allurar tazarar haihuwa, da sanin mijina. Bara ciwon kai ya hana ni fita kasuwata a titin Canal Street, nan ƙasar waje da muke zaune. Likita ya gano ƙari a ƙwaƙwalwata, aka yi mini aiki. Da na ji mata suna kai kamfanin allurar kotu kan irin wannan ƙari, na je wurin lauya. Turancina bai kai ba, aka kira tafinta, ashe ɗan garinmu ne. Na faɗi komai a gabansa.

Ko sati biyu ba a yi ba, a gidan suna a unguwar Flatbush, wata Hajiya ta ce mini, "Ashe allura ce ta ja miki? Allah ya yafe miki." Matar tafintan na gefenta tana murmushi.

Tir! Dattijo da furfura, ka mai da amanar mara lafiya hirar gida! Yanzu ƙawata na fama da ciwon kai, ta ƙi zuwa asibiti don tsoron tafinta.

Malam, ina zan kai kukana? Likita ya cire ƙarin, amma mutumin nan yana nan a sahun gaba a masallaci.