Bataliyar da Aka Bari a Hagu

A tashar keken doki ta garin Küstrin, Kofur Gottlob mai ƙafa ɗaya ya samu wata tsohuwa yana ba ta labarin yaƙi.

"Kin gane, Inna? Janar ya bar bataliya guda a hagu, 'yan Ostiriya suka afka mata, mu kuma muka zagayo ta dama. Basira ke nan!"

"Kai, madalla! Ƙafar taka fa, ita ma cikin basirar ta tafi?"

"Ai mun yi nasara, Inna."

"Mun ji. Nasarar bara ta tafi da dokinmu, ta bana ta kwashe hatsi. Ku ƙara ɗaya mu fita bara."

"Yaƙi ba zancen mata ba ne."

"Gaskiyarka, namu haihuwa ce kawai. To, su na hagun, ina suke yanzu?"

Gottlob ya yi dariya. "'Yan yankin Pomeraniya? Ko mai gangarsu bai tsira ba."

Ta dube shi.

"Wajensu za ni. Ɗana Jochen ne mai gangar."

Gottlob ya daina dariya.

"Ci gaba mana, Kofur," in ji ta. "Janar dai lafiyarsa ƙalau ko?"