Wai Daji Ba Ya Son Ƙarfe

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni masunci ne a bakin kogin Haɗeja.

Shekarar da naira ta fito, muƙamuƙin 'yata Hajara ya kumbura har haƙoranta suka fara girgiɗi. Wanzami ya ce ciwon daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi fusata yake yi.

Uwarta ta ce mini, "Malam, ko ba a taɓa shi ba, ai cinye ta yake yi."

Muka kai ta asibiti a Kano. Wani malamin bincike ya ɗebi naman wurin kamar ƙwayar gero. Ya ce aikinsa ke nan, gano abin da ke lalacewa a cikin ƙwayar halitta har ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Da bincikensa aka san allurar da ta dace. Aka yi mata, kumburin ya sace. Yau Hajara ke kawo mini fura bakin ruwa.

Yanzu ga ɗan aminina da irin kumburin, uban ya rantse ƙarfe ba zai taɓa shi ba. Na nuna masa Hajara, ya ce sa'a ce.

Na san uban yana sauraron shirin nan. Jama'a, me zan gaya masa? Yaron ya daina tauna tuwo.