Daminar Baba Ta Ɗauke

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da hantsi, Allah ya ƙara wa muryarka albarka. Ni ce Hauwa daga bakin garin Gadarif, kusa da tafkunan da baladiyya, wato hukumar gari, ke tace ruwan ƙazanta.

Akwai injuna masu fukafukai da ke kaɗa ruwan don iska ta shige shi, kada ya yi wari. Babana tsohon direban tarakta ne, yanzu idonsa ya tafi. Ƙarar injunan nan a kunnensa ruwan sama ce. Ko da bazara sai ya kishingiɗa a inuwa yana murmushi, ya ce, "Hauwa, ji yadda dawa ke sha."

To, ɗan kwangilar da aka ba gyaran injunan, makanikan gona ya ɗauka. Riɗi na nuna, duk suka koma gonaki. Injuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, wari ya hana yara cin abinci.

Jiya Baba ya kasa kunne, ya ce, "Hauwa, ruwan ya ɗauke ne?"

Jama'a, wa zan gani a baladiyya? Ni dai a maido wa tsohon nan daminarsa.