Hawa Na Uku Ya Sake Cika

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban ƙungiyarmu ta masu gine-ginen kasuwanci, wakilan hukumar tsara birni, iyayenmu dattawan kasuwa waɗanda suka riga mu sanin zafinta da sanyinta, masu zuba jari, dillalai, magina, 'yan haya manya da ƙanana, 'yan'uwana maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, ina kuma yi muku barka da zuwa wannan gida na mahaifinmu.

Godiyata ta farko ga Allah ne, wanda ya nuna mana wucewar annoba muna raye. Sai kuma ku, da kuka bar shagunanku da ofisoshinku, kuka hau matakalar nan har hawa na uku. Na ga yadda wasu dattawa suka iso suna haki. Ku yi haƙuri, maganar sa na'urar hawa tana nan, amma sai Yayanmu ya sa hannu, ga shi kuwa a zaune a gaba yana jina.

An nemi in yi magana a kan yadda kasuwar gine-gine ta farfaɗo bayan annoba. Ni ba masaniyar tattalin arziki ba ce. Malamar makaranta ce ni, wadda mahaifinta ya rasu ya bar musu bene, 'yan'uwa suka ɗora mata kula da shi don ita ce mai yawan magana. Don haka abin da na gani da idona shi zan faɗa muku, a cikin batutuwa uku.

Batu na farko shi ne, kasuwa ta dawo, amma ba da fuskar da ta tafi da ita ta dawo ba.

Wannan hawa da kuke zaune a kansa shi ne abin alfaharin mahaifinmu. Ƙasa shaguna ne, tsakiya ma shaguna ne, amma nan sama kamfanin inshora guda ne ya kama shi gaba ɗaya, daga wannan taga har waccan. Da aka saka dokar kulle, duka benen ya yi tsit. Da aka ɗage ta, mutanen ƙasa suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da takunkumi a baki, mai kemis ya buɗe, tela ya buɗe, mai gyaran waya ya buɗe. Mutanen sama kuwa ba su dawo ba. Manajansu ya zo ya same ni cikin mutunci, ya ce, “Malama, mun gano ma'aikatanmu suna iya aikinsu daga gida, ofis ƙarami ya ishe mu.” Ban ga laifinsa ba.

Muka rataya allon haya a baranda. Rana ta ci rubutun, muka sake rubutawa, ta sake ci. Dillalinmu, ga shi can kusa da ƙofa, ya kawo mutane har takalminsa ya suɗe, kowa ya zagaya, ya yaba faɗin wurin, ya ce zai yi waya, shiru kake ji. Tattabaru ne kaɗai suka amsa tallan, su kuma ba sa biyan haya.

Ana cikin haka mai saye ya fito. Mutumin kirki ne, ɗan kasuwa ne, yana son ya mayar da benen duka sito na ajiye kaya, domin a lokacin saye ta waya ya bunƙasa, wurin ajiya ake nema ido rufe. Ma'anar haka kuwa, duk 'yan hayar ƙasa da na tsakiya sai sun tashi.

Muka haɗu a falon Mama. Yaya yana son a sayar, kuma ina so ku fahimce ni, ba don rashin kishin gida ba ne. Shi ne babba, shi kowa yake kaiwa kuka, yaransa suna jami'a, rufin benen yana yoyo, kuma ya ga gine-gine a titin nan sun zama kango a kan idonmu. Ya ce, “Gara mu sayar da shi yana da daraja, da mu zauna muna kallonsa yana lalacewa.” Ni kuma na ce a jira. Muka yi ta ja-in-ja har murya ta fara tashi. Mama tana zaune tana jinmu, sai da muka gaji ta ce, “Ni ban san kasuwar gini ba. Amma in za ku sayar, kada ku aika wa mutanen nan da takarda. Ku je da ƙafarku, ku kalli idonsu, ku faɗa musu da bakinku.”

Washegari muka je, ni da Yaya, shago bayan shago. Babu wanda ya zage mu, kuma wallahi da zagin ya fi mana sauƙi. Mai kemis ya ce, “Allah ya sa haka ya fi alheri,” ya juya yana gyara kwalaben da ba su karkace ba. Tela ya ajiye almakashi ya ce, “A nan na aurar da 'ya'yana duka.” Da muka fito, Yaya ya daɗe a tsaye a bakin mota, sannan ya ce mini, “Na ba ki zuwa ƙarshen damina. In sama bai samu mutane ba, kada ki sake yi mini musu.” Na ce na yarda, alhali ba ni da dabara ko ɗaya a kaina.

Wannan ya kawo ni batu na biyu, wanda nake so masu gine-gine su riƙe da kyau: mai neman wuri yana nan, sai dai ba lallai ne ya zo da irin shigar da muke jira ba.

Mu muna jiran mai kwat da jaka, sai ga wata baiwar Allah ta hawo da goyo a baya. Duk kun san ta yanzu, Mai Kek ake ce mata. A lokacin kulle aikin mijinta ya tsaya, ta fara gasa kek a ɗakin girkinta tana tallatawa ta waya, abu ya karɓu har gidan ya yi mata kaɗan. Ta tsaya a tsakiyar filin nan, ta duba gabas, ta duba yamma, ta ce, “Anti, ni ba duka nake so ba. Ki yanka mini wancan lungun mai taga.” Na yi dariya na ce, “Ƙanwata, bene ne fa, ba nama ba.” Ta ce, “To ki yanka mana, mu da yawa ne. Akwai mai ɗinkin labule, akwai mai ɗaukar hoto, akwai mai koya wa yara lissafi. Duk a gida muke, duk mun takura, kuma babu wanda zai iya kama babban shago.”

Na kira dillali na faɗa masa. Ya riƙe baki ya ce, “Malama, wurin da kamfani ya zauna za ki mayar kasuwar ƙauye? Darajar ginin fa?” Na ce masa darajar da tattabaru suke kwana a cikinta ta ishe ni haka. Gaskiyarsa ce ya ji tsoro, kuma in ba shi haƙƙinsa, da ya ga na dage, shi ne ya bi gida-gida ya nemo mana rabin 'yan hayar da ke wannan hawa.

Ba mu yi gaggawa ba. Mun kawo injiniya ya duba ko daɓen zai ɗauki nauyi, ya ce kada a sa bulo, a yi bango da katako mara nauyi. Mun je hukumar tsara birni, suka ce sai an ƙara matakala ta baya saboda gobara. A ranar na fito ina gunaguni, amma yau ina gode musu a gaban jama'a. Na sayar da motata, Autarmu ta kawo abin da ta tanada, muka fara yanka ɗakuna, muka bar wannan fili na tsakiya da kuke zaune a ciki.

Kada in sa ku ɗauka komai ya tafi sumul. Watan farko, da Mai Kek ta kunna injin gashinta, mai labule ta jona dutsen guga, sai wuta ta ɗauke a benen duka, tela ya hawo daga ƙasa da tsumma a wuya yana tambayar wa ya kashe masa keken ɗinki. Sai da muka sake wayoyi, muka ba kowa mitarsa. Sannan wani matashin likitan haƙori ya kama ɗakin da ke jikin na Mai Kek. Na ji tsoron ƙamshin zai dame shi, na je in ba shi haƙuri, ya ce, “Haba Anti, ki bar mu haka. Ita ta ɓata, ni in gyara, ai babu maƙwabtakar da ta fi wannan.”

Damina ta ja baya, mai saye ya dawo, Yaya ya rako shi. Tun daga matakala suka riƙa matsawa gefe suna ba masu kai saƙo hanya. Suka tarar da ƙarar keken ɗinki, da muryar yara suna karanta jadawalin lissafi, da mata a layi suna jiran kek. Ba duka ɗakunan suka cika ba a lokacin, amma wurin yana da rai. Mai saye ya zagaya, ya fito baranda, ya ƙara tayi a kan na farko, ƙari mai tsoka. Jama'a, a nan na ji tsoro fiye da ko yaushe, domin dā ana maganar sayar da ginin da ya mutu ne, yanzu kuwa ga kuɗi mai kyau a kan gini mai rai, kuma na san nauyin da ke kan Yaya.

Yaya ya matsa bakin baranda. Ya leƙa ƙasa, ya ga tela a ƙofar shagonsa ya ɗaga kai yana kallonmu. Sai ya juya ya ce, “Ranka ya daɗe, na gode da karamcinka, ka yi mana tayi a lokacin da babu mai kallonmu. Amma sau ɗaya na je na faɗa wa mutanen nan su shirya tashi, ba zan iya zuwa karo na biyu ba.” Mai saye ya miƙa masa hannu ya ce, “Da ni ne ma haka zan yi.” Ni kuwa na shige ɗakin Mai Kek na yi kukana, ta ba ni kujera, ta ce in yi a hankali kada in jiƙa mata fulawa.

Batu na uku gajere ne, kuma ga masu zuba jari da hukuma yake.

Mutumin nan da ya so sayen benenmu yana cikin ɗakin nan, kuma da izininsa nake ba da labarinsa. Bai yi fushi ba, bai janye jarinsa daga unguwar ba. Ya sayi tsohon garejin da ke ƙarshen titi, ya yi sitonsa a can inda babu wanda za a tasa, kuma yau yawancin kayan mutanen hawa na uku a wurinsa suke kwana. Shi ya samu, mu mun samu. Wannan shi ne farfaɗowar da na sani. Ku duba titin nan da yamma, ku ga fitilu a tagogin da suka daɗe a rufe, ku ga magina a kan tsani, ku ga dillalai suna sauri. Jari ya dawo, kuma muna maraba da shi. Roƙona gare ku shi ne, idan za ku gina, ku gina da ƙaramin ɗan kasuwa a zuciya: ɗaki madaidaici, wuta tsayayya, ruwa, banɗaki mai tsabta, da wurin ajiye babur. Roƙona ga hukuma kuma, ku sauƙaƙa wa mai son gyara tsohon gini hanya, amma kada ku sassauta a kan abin da ya shafi ran mutane. Roƙona ga 'yan'uwana masu gine-gine, ku san 'yan hayarku da fuska, ku san sana'arsu, ku zauna ku ji abin da suke bukata, domin su ne suka fara jin inda kasuwa ta nufa.

Jiya da hantsi aka miƙa mukullin ɗaki na ƙarshe a wannan hawa. Wata yarinya ce da ta gama karatun zanen gine-gine ta karɓa, kuma aikin farko da ta samu daga Yaya ne: zai gina ƙananan shaguna a filin da ke bayan benen nan. Da na tambaye shi wa zai kula da su, ya ce, “Mai yawan maganar gidanmu mana.”

Kafin in sauka, ina roƙon mu tuna da waɗanda ba su ga wannan rana ba. A ƙarƙashin matakalarmu akwai wani dattijo mai gyaran agogo, wanda yake riga kowa buɗewa, yake gaida kowa da sunan sana'arsa. Ya rufe rumfarsa ranar da aka saka dokar kulle, ya ce mana sai an buɗe, annoba ta tafi da shi. Na san kowane gini a titin nan yana da irin nasa. Allah ya jiƙansu, ya gafarta musu, ya raya abin da suka bari.

Allah ya sa albarka a shagunanku da ofisoshinku. Allah ya ba mai gini ɗan haya na gari, ya ba ɗan haya mai gini mai tausayi. Allah ya tsare mu daga gobara da asara, kada ya sake nuna mana ranar da za mu rufe ƙofofinmu don tsoron juna. Allah ya ƙara wa Mama lafiya da nisan kwana, ya saka wa iyayenmu da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ku sauka a hankali, ku riƙe ƙarfen matakala.

Na gode.